Tashina Daga Falo Ba Hani Ba Ne

Ƙofar Kaura,
Katsina.

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sa'adatu da 'yar jikata Ummi. Yaya aiki, yaya bariki, yaya shirin tafiya? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Babanku yana gaishe ka. Goggonka Rabi ma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka har yanzu tana jiran maganin gwiwar da ka yi mata alkawari.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a cikin jakar dambun nama. Kai ne ɗana na fari, kuma ka san yadda muke a gidan nan. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da kai ba. Idan ka shigo ɗaki nakan sami abin yi a waje. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taso na gani, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai bana, da ya kusa raba ka da kwas ɗin da aka zaɓe ka. Alhamdu lillahi da ba ka janye ba. Amma Sa'adatu ta gaya mini zuciyarka ba ta kwanta ba. Ta ce kana cewa Inna ta yarda ne kawai don Baba ya matsa mata, kuma in ka ji wani motsi daga gida za ka ajiye karatun ka dawo. Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da bakina ya kasa, hannuna zai iya, tunda na yi shekaru ina rubutu a allon firamare.

Bari in fara daga ranar da ka zo bayan ƙaramar Salla. Kana zaune a kan darduma gaban babanku, ni kuma na shigo da tiren fura. Na ji ka ce, "Baba, an zaɓe ni zuwa kwas na shekara guda a ƙasar waje."

Babanku ya ce, "Masha Allah. Kwas na mi?"

Ka ce, "Likitancin daji. Ana koya wa likita yadda zai ceci wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a inda babu asibiti, babu wuta, babu na'ura, ga hanya da nisa. Cikin daji, ko hamada, ko kan dutse, ko bakin ruwa."

Daga kalmar daji sauran maganar ba ta ƙara shiga zuciyata ba. Na ajiye tiren na fita. Fitar nan ba sabuwa ba ce, ita nake yi kullum, don haka kada ka ɗora mata ma'anar da ba tata ba. Inda na yi kuskure shi ne washegari. Tun kana makarantar kwana, ba ka taɓa barin gidan nan ba sai na daka dambun nama na sa an ajiye maka a jaka. Ba mu taɓa zama mun ce ga ma'anarsa ba, amma ni da kai mun san shi ne maganata, shi ne na yarda, Allah ya kiyaye hanya. Ranar nan na sayo naman, na dafa, na zauna gaban turmi, hannuna ya ƙi ɗaukar taɓarya. Tsoro ne ya kama ni. Ka fito ka buɗe mota, ka duba kujerar baya, ka tsaya jim, sannan ka ja ka tafi. Ina kallon ka ta tagar kicin. Ban hana ka ba, ban kuma sake ka ba. Na fake da kunya na bar ka kai kaɗai da fassarar abin da ban faɗa ba.

Ga nasihata ta farko. Kada ka bar shirunka ya yi magana a madadinka. Mutum in ya yi shiru, wanda ke gabansa yakan cike gurbin da abin da ya fi tsoro. Inda za ka, mutanen ba su san al'adarmu ba, ba su san sunkuyar da kai ladabi ba ne. Idan malaminka ya tambaye ka ko ka gane, in ba ka gane ba ka buɗe baki ka ce ba ka gane ba. Idan oganka ya ba da umarnin da zai cutar da majinyaci, ka faɗa masa da ladabi, amma ka faɗa. Haka kuma Sa'adatu. Za ka bar ta da ƙaramar yarinya tsawon shekara. Kada ka ce ai ta san kana son ta. Ka riƙa kira kana faɗa mata. Ku 'yan zamani ne, ba ku da uzurin da nake da shi.

To me ya tsorata ni? Ka san na yi zaman bariki da babanku kafin ya yi ritaya. A zamaninmu, idan aka ce an tura wane daji, abu biyu ne: ko ya yi laifi, ko ba shi da kowa a sama. Ni kuma tun ranar da ka gama karatun likita nake hango ka a babban asibitin soja, da farar riga, da ofis mai sanyi, ana cewa sai an jira babban likita ya fito daga tiyata. Na kuma ji abokanka da kuka shiga tare sun fara karatun ƙwarewa, wannan a tiyata, wancan a ciwon zuciya. Sai na ce a raina, su an ba su asibiti, nawa an ba shi jeji. Na ɗauka an raina ka ne, kai kuma don haƙurinka ka karɓa.

Ana nan sai Sa'adatu ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Inna, ya ce zai je ya sami oga ya janye sunansa, a ba wani."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Ya ce ba zai haye jirgi ba alhali ba ki sa albarka ba. Ya ce babu dambu a mota."

Ba zan ɓoye maka ba, abin da na fara ji daɗi ne. Na ce Allah ya raba ni da fargaba ba tare da na furta komai ba. Amma daɗin bai kai azahar ba, domin ashe Sa'adatu ta kira Goggonka ita ma. Kafin in idar da salla sai ga Yaya Rabi ta sauka daga Keke Napep tun daga Ƙofar 'Yandaka, tana dogara sanda, tana faɗa tun daga zaure. Ka san ita ta yaye ka, a ɗakinta ka yi wayo, don haka ita ba ta da kunyarka ko kaɗan. Har yau kuma Amarya take kira na, ko da furfura ta cika mini kai.

Ta ce, "Amarya! Ina kike? Fito ki gaya mani mi yaron ga ya yi maki."

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ina wuni? Ya gwiwar?"

Ta ce, "Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Kada ki gaishe ni, ba gaisuwa ta kawo ni ba." Ta zauna a kan tabarma ta kira sunanka ƙarara, ta ce, "Shi za ki hana tafiya karatu? Ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina bugun ɗiyan mutane don su yi karatu?"

Na ce, "Yaya, ni ban ce komai ba."

Ta ce, "To ai shi ne laifin! Wai kunya. Kunyar ɗan fari muka sani, ba mu san kunyar da ke cinye arzikin ɗan fari ba. In ba ki iya magana da shi, ni mi nike yi a duniya? Ba sai ki aiko ni ba?"

Babanku yana gefe a kujerarsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Ta juya kansa ta ce, "Kai kuma tsohon soja, ka miƙe ƙafa kana washe haƙora. Ka taɓa gaya mata yadda aka yi ƙafar nan taka ta tsira, ko sai ni da ban je ba zan ba da labari?"

Ka san ɗingishin babanku. Kana ƙarami abin ya faru. Abin da na sani shi ne motarsu ta kife a wajen atisaye da damina, aka kawo shi asibitin bariki da karaya a cinya, na yi jinyarsa har ya miƙe. Ban taɓa tambayarsa abin da ya faru tsakanin kifewar motar da isowarsa asibiti ba. Na ɗauka tambayar za ta tayar masa da hankali, shi kuma ya ɗauka ba na son ji. Haka muka zauna shekara da shekaru, ni da mutumin da muke cin tuwo a ɗaki ɗaya.

Ranar ya ba ni labarin. Ya ce motar ta kife ne a gangaren wani kogi, ruwa ya cika, gada ta karye a bayansu, babu hanyar da mota za ta iso. Ƙashin ya huda fata, jini yana zuba. Abokansa suka ce a ɗauke shi a kafaɗa a ƙetare da shi, su duka suna kuka suna son su taimaka. Likitan da ke tare da su, wani Manjo Iliya, ya ce babu wanda zai taɓa shi. Ya tsayar da jinin, ya tafasa ruwa ya wanke raunin, ya sa aka saro sanduna aka yanka tamfol ɗin mota ya ɗaure ƙafar ta miƙe, ya sa aka yi masa rumfa don kada ruwan sama da sanyi su ƙarasa shi. Ya riƙa auna ɗan maganin da ke jakarsa don ya kai su har ruwan ya janye. Babanku ya ce, "Na zage shi, Malama. Na ce Manjo so kake in mutu a nan. Ya ce mini, Sajan, in na sa ka cikin kogin nan da wannan rauni, gawarka za mu fitar a wancan gefen. Yi haƙuri ka zage ni, in dai kana zagi na san kana numfashi."

Na ce, "To shi a ina ya koyi wannan?"

Babanku ya ce, "A irin kwas ɗin da kika hana ɗanki dambu a kansa."

Yaya Rabi ta tafa hannu ta ce, "Kin ji, Amarya. Da babu likitan daji, da yanzu kin daɗe da fita takaba."

Likita, na ji kunya irin wadda ban saba da ita ba. Mutumin da ya dawo mini da miji, ban ma san sunansa ba sai ranar, kuma aikinsa ne nake gani ƙasƙanci ga ɗana. Don haka nasihata ta biyu ita ce ka zama mai tambaya. Kada ka ɗauka ka san labari don kana kusa da mai shi. Idan an kawo maka soja daga fagen aiki, kada ka tsaya ga raunin da ke gabanka kawai. Ka tambaye shi me aka yi masa a hanya, wa ya ɗaure, da me aka ɗaure, me ya sha, yaya aka ɗauko shi. Ina jin a nan ne za ka riƙa gane abin da ya kamata ka koya wa na ƙasa da kai. A can makarantar ma, ka tambayi malamanka abin da ya shafi ƙasarmu. Na ji an ce wurin duwatsu ne da ƙanƙara. Ka koyi nasu da kyau, amma ka riƙa ce musu, mu a wajenmu zafi ne ke kayar da soja, da ƙishirwa, da saran kububuwa, da zazzaɓin sauro, da ruwan tafki. Yaya zan yi da waɗannan in ba ni da komai sai jakata? Kada ka dawo mana gwanin ƙanƙara a garin da rana ke narkar da kwalta.

Da na natsu sai na tambayi babanku abin da ya fi damuna. Na ce, "Malam, na yarda aikin lada ne. Amma aikinsa na soja fa? Ba za a bar shi a baya ba?"

Ka san babanku ba ya shafa wa magana mai. Ya ce, "Gaskiya ɗaya ce. Kwas ɗin nan ba ya ɗora wa mutum anini a kafaɗa ranar da ya dawo. Abokansa da suka shiga tiyata za su iya riga shi zama manyan likitocin asibiti, wannan kada ki yi musu. Amma soja ba a asibiti yake aiki ba, a asibiti yake ƙarewa in abu ya ɓaci. Duk kwamandan da zai fita da yara, tambayarsa ta farko ita ce wa zai riƙe mini su in hanya ta toshe. Masu amsa wannan tambaya ba su da yawa. In ana shirin fita, da shi za a zauna a tsara inda za a ajiye magani da yadda za a kwaso masu rauni. In za a horar da ƙananan ma'aikatan lafiya, shi za a kira. In za a tura runduna aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, sunansa zai fito. Manya za su san fuskarsa tun yana Kyaftin."

Na ce, "Shi Manjon naka ina ya ƙare?"

Ya ce, "Ya zama shugaban masu koyar da aikin. Da ya ajiye kaki ma bai zauna ba. Ƙungiyoyin agaji suna nemansa, masu aiki a wurare masu nisa suna nemansa, har da tawagar likitocin alhazai ya taɓa tafiya, saboda ya san abin da zafin rana ke yi wa tsoho a filin Arfa. Mu da ba mu iya komai ba sai fareti, ga mu nan muna gadin rediyo."

Yaya Rabi ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, rediyon ke gadinka."

Wannan bayani ya tuna mini da abin da ya faru da ni kaina, wanda ban taɓa ba ka labarinsa ba. Lokacin da muka dawo Katsina ina koyarwa a firamare, an zo neman malaman da za a tura kwas na koyar da 'ya'yan makiyaya. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malama, ke na fara tunawa." Na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Ban yi shawara da kowa ba sai da tunanin abin da matan unguwa za su ce, wai an ɗauke Malama daga birni an kai ta ruga tana koyarwa a gindin bishiya. Na koma na ce ba zan iya ba saboda yara. Aka ba Malama Talatu, wadda muke raba aji da ita. Ta je ta sha rana, ta dawo ta yi baƙi, muka yi ta yi mata dariya a ofishin malamai. Ba a daɗe ba sai ga ta tana zagaya makarantu tana horar da malamai, har ni na zauna a benci tana koya mini. Ban ji haushinta ba, mutuniyar kirki ce, kuma ni ma na gama aikina lafiya. Amma na san abin da ya hana ni ba yara ba ne. Na auna aikin ne da ginin da ake yin sa a ciki. Abin mamaki, bayan duk waɗannan shekaru, da ma'aunin nan dai na auna naka.

Saboda haka kada ka auna aikinka da sanyin ofis ko da yawan masu miƙewa in ka shigo. Za ka dawo ka tarar wani abokinka ya riga ka wani matsayi, an rubuta sunansa a ƙofa. Ka je ka taya shi murna da zuciya ɗaya. Shi ma ana bukatarsa, domin wanda ka riƙe a daji hannunsa za ka miƙa wa a ƙarshe. Kada kuma ka saki aikin asibiti don ka zama na daji. Babanku ya ce Manjo Iliya duk sanda ya dawo bariki yakan koma ɗakin majinyata kamar kowa, don kada hannunsa ya manta. In daga baya ka ga kana son ƙara wata ƙwarewar a asibiti, ƙofa ba ta rufe ba, kana da sauran ƙuruciya. Wannan kwas ƙari ne a kan abin da kake da shi, ba musanya ba ne.

Akwai wani abu da nake tsoro har yanzu, kuma gara in faɗa. Tun kana yaro ba ka iya ganin ana wahala ka tsaya. Irin wannan hali in ya haɗu da sabon ilimi yakan sa mutum ya ɗauka babu inda ba zai shiga ba. Ka lura da abin da Manjon ya yi wa babanku. Ƙwarewarsa a ranar ita ce ya ce a tsaya, alhali kowa yana cewa a tafi. Ba a tura ka don ka koyi jarumta ba, sojoji suna da jarumai da yawa. An tura ka ne ka koyi sanin lokacin da za a motsa da lokacin da za a haƙura. Likitan da ya jefa kansa cikin halaka ya bar mutanensa ba likita. Ka kula da ranka, amana ce, kuma ba naka ba ne kai kaɗai.

In Allah ya dawo da kai, kada ka rufe abin da ka koyo a cikin akwati don a riƙa nemanka kai kaɗai. Ba za ka kasance a kowace mota ba ranar da za ta kife. Ka zaunar da ƙananan ma'aikatanka, har da sojan da bai yi karatu mai zurfi ba, ka koya musu tsayar da jini da ɗaure karaya da gane wanda zafi ya buge, da harshen da za su fahimta. Na yi aikin koyarwa, na san wanda ya koyar ba ya raguwa. Kuma in ka zo hutu, mutanen ƙauyukan da ke shigowa Katsina da majinyaci a bayan babur, bayan sun yi doguwar tafiya, su ma 'yan daji ne irin naka. Ka tuna da su in an tambaye ka inda ilimin nan zai yi amfani.

Sauran labarin ka san shi, amma ba ka san ɓangarena ba. Da Yaya Rabi ta gama da mu, ni na ce wa babanku ya kira ka kafin ka je wurin ogan. Ni na ce, ba shi ba. Ya kira, ya ce maka kada ka kuskura ka janye, sannan ba zato ya miƙo mini wayar. Na karɓa, na ji muryarka kana cewa, "Inna, ina wuni," sai duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Lafiya lau. Allah ya kiyaye hanya," na mayar masa da wayar kamar ta ƙona ni. Yaya Rabi ta ce, "Shi ke nan? Wannan ko mai tallan goro ya fi samun magana a wurinki." Na san daga wannan gajeriyar amsa ce ka ɗauka tilasta mini aka yi. Ba tilas ba ce, Likita. Nauyin baki ne na shekaru, ba ya sauka a rana ɗaya.

Da Sa'adatu ta kira daga baya ta ce sunanka yana nan, ba ka janye ba, na shiga ɗaki na yi sujada. Na daɗe ban ji sauƙi a ƙirjina irin na ranar ba. Na tashi na hau daka, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko biki za a yi. Babanku ya ce in gaya maka wai ba a barin nama ya shiga wasu ƙasashen, don haka ku cinye dambun kai da Sa'adatu da Ummi kafin ranar tafiya, kada ma'aikatan filin jirgi su yi walima da wahalata.

Ka riƙe salla a kan lokacinta duk inda aka kai ku. In kuna kan dutse ruwa ya yi wuya ko sanyi zai cutar da kai, ka san hukuncin taimama, addini bai matsa maka ba. Ka lura da abin da za ka ci. Ka sayi rigar sanyi ta kirki, kada ka ce kai soja ne. Ka zauna lafiya da abokan karatunka ko da addininku da abincinku sun bambanta, domin a irin aikinku wanda ke riƙe ɗaya gefen makarar ɗaukar majinyaci ɗan'uwanka ne. In kewa ta dame ka, ka kira Goggonka ta zage ka, za ka warke. Sa'adatu da Ummi kuma suna hannunmu. Ni da kaina zan je in ɗauko su su yi mana kwanaki, kuma ita Ummi babu wata kunya tsakanina da ita, zan goya ta in zaga Ƙofar Kaura da ita.

Ina roƙon Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a sama da ƙasa, a kan dutse da cikin ruwa. Ya buɗe maka ƙirji ka fahimci abin da za a koya maka, ya haɗa ka da malamai masu tausayi da abokai na gari. Ya sa hannunka ya zama sanadin komawar 'ya'yan mutane gida wurin iyayensu. Ya kare ka daga girman kai da gaggawa, ya dawo mana da kai cikin aminci. Amin.

Babanku yana zaure yanzu, bai san abin da nake rubutawa a nan ba, Yaya Rabi ma ba ta sani ba. Babu wanda ya tsaya a kaina. Don haka ka karanta da kyau, da hankalina da son raina nake faɗa: na yarda, na sa albarka. In ka ji an ce Inna ba ta da lafiya ko Inna tana kewa, ka yi mini addu'a daga inda kake, ka koma aji. Ban yafe maka ka dawo da rabin karatu saboda ni ba. Ka tafi, ka gama, sannan ka dawo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Inna.